Akwatin Hotona da Gardamar Katin Zaɓe a Illo

Ku da kuke ɗaga waya ku latsa, fuskar mutum ta fito tun bai gama gyara hula ba, dole ku ce ɗaukar hoto ba sana'a ba ce. To ku gyara zama. Ni ne Umaru Mai Hoto, haifaffen Kende, kuma an yi lokacin da daga Illo har Kaoje babu akwatin hoto sai wanda nake ɗauka a kaina.

Aikin farko da na gani da idona na wani falke ne mai kai goro Dahome, ƙasar da yau kuke kira Benin. Turawan Faransa sun riga namu son takarda. Kasuwannin bakin iyaka kowa na shiga, amma in za ka nutsa ciki sai da takardar shaida mai hoto. Ni kuwa kawuna na biyo, mun ƙetare Kwara da albasa mun kawo kasuwar Illo. Sai na ga an zaunar da babban mutum a benci, an rataya baƙin zane a bayansa, wani Bayarabe ya zura hannu cikin akwati mai ƙafa uku yana lalube kamar mai neman tarwaɗa a rami. Jim kaɗan ya zaro 'yar takarda jiƙe, ya jefa a bokiti. Na leƙa. Ga falke kwance cikin ruwa, da rawaninsa da gemunsa. Kawu ya yi ta kira har ya gaji, ban bar bakin bokitin nan ba.

Mai akwatin shi ne Baba Ojo, mutumin Ogbomosho, Kirista, wanda ya daɗe a Illo har yana jin Dendanci. Da kawu ya ga albasa ta fita raina, sai ya sayi goro ya kai masa ya ce, "Ga ɗanka, ka koya mishi abin da Allah ya koya maka." Baba Ojo ya kama hannuna ya juya, ya duba yatsuna, ya ce gobe in zo da tulu.

Tulun shi ne darasin farko, kuma na daɗe a kansa. Ruwan Kwara da damina jajir yake, in ka wanke hoto da shi mutum zai fito kamar ya yi birgima a fadama. Sai ka ɗebo, ka bari ya kwanta a randa, ka tace da ƙyalle mai laushi. Bayan ruwa sai shara, sai riƙe zanen baya kada iska ta kaɗa shi, sai korar awaki da 'yan kallo. Damina ta wuce, wata ta sake zuwa, kafin maigidana ya bar ni na sa hannu cikin akwatin. Ranar Lahadi ba ya aiki, ni kuma ran Juma'a da hantsi yake sallamata, ya ce, "Tafi ka yi wanka, kada limami ya ji warin magani ya ce ni na ɓata ka."

Akwatin na katako ne. A gaba akwai idon gilashi da murfinsa. A gefe an ɗinka hannun riga baƙi, ta nan kake zura hannunka ba tare da haske ya bi ka ba. A sama akwai ɗan ramin leƙawa da 'yar taga ta jan gilashi. A ciki kuwa gwangwanin takardar hoto ne da tasoshi biyu na magani, ɗaya mai fito da hoto, ɗaya mai tsayar da shi. Duk aikin a lalube ake yinsa. Yatsun da suka taɓa tasa ta farko ba sa taɓa ta biyu, in ka manta sai tabo ya fito wa mutum a goshi. Ku dubi farcena, wannan launin ba na goro ba ne. Babu abin latsawa. Murfin ido za ka cire ka mayar, kuma tsawon lokacin a jikinka yake. In rana ta take, numfashi guda ya isa. In hadari ya rufe, sai ka ƙara, kana roƙon Allah kada ƙuda ya sauka a hancin mai hoto.

Wani tsohon masunci daga Lolo shi ya koya mini ɓoye nagatif. Hoton farko da ke fitowa daga akwati a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, shi muke kira nagatif. Sai ka manna shi jiƙe a wani ɗan allo da ke gaban ido, ka sake ɗaukarsa, sannan hoton gaske ya fito. Ni kuwa don doki sai na miƙa wa tsohon nan nagatif ya gani. Fuska fara fat, gemu baƙi ƙirin, idanu kamar garwashi ya mutu. Ya yi salati, ya bar takalmansa a wurin. Sai da Baba Ojo ya bi shi har bakin ruwa da hoton gaske a tafin hannu, ya dawo yana dariya yana zagina.

Babban gwanintar aikin ita ce baƙar fuska a ƙarƙashin farin rawani. In ka bi rawani, fuska ta ɓace. In ka bi fuska, rawani ya ƙone. Maigidana yakan jiƙa tsinke da jan garura ya shafa wa fuskar da ke nagatif sama-sama, sai ta fito da haske, har zanen kumatu ka ƙirga. Wannan kuwa dole ne, don Bakabe ba zai karɓi hoton da zanensa bai fito ba, Badende ma haka. Da idon Baba Ojo ya fara rauni, sai ya tattara ya koma garinsu. Ya bar mini akwatin, ya kuma roƙa mini gefen rumfar Mamman Tela, a bakin kasuwa, inda hasken safe ke faɗowa daidai.

Ina wannan rumfa aka shiga shirin babban zaɓen da za a yi kafin Turawa su miƙa mulki. Aka ce za a rubuta sunan duk namijin da ya isa, a ba shi kati. Sai raɗe-raɗi ya biyo baya, wai katin zai zo da hoto, wanda ba shi da shi ba zai jefa ƙuri'a ba. Babu wanda ya san daga bakin wa maganar ta fito, amma ta raba kasuwar Illo gida biyu, kuma shugabannin gidajen biyu duk a bencina suke zama.

Na farko Alhaji Bawa, dillalin shanu, mutumin jam'iyyar da ke riƙe da mulki. Shi kati yake so, da hoto, da hatimi. Na biyu Mamman Tela kansa, ɗan adawa, mai baki kamar kekensa, in ya fara ba ya tsayawa sai zare ya ƙare. Tare suka yi makarantar allo, kuma kullum da hantsi tare suke shan fura, suna sha suna musu.

Alhaji yakan ce, "Malam Mamman, kai ma ka sani. Ran zaɓe jirage za su cika da mutanen ƙetare. Mutum ya jefa nan da sahe, ya jefa Lolo da marece. Ƙasa za a ba mu, ba tuwon biki ba. Dole a san wa ad da ita."

Mamman ya danna keke ya ce, "Alhaji, akwati nawa ag ga ƙasag ga? Guda, ga shi nan. Talakan Kurgu ya bar gona, ya biya jirgi, ya biya Umaru, sannan ya tai gaban malamin hakimi ya durƙusa. In malamin ya san ba naku ba ne, ya ce hoton bai yi kama ba. Ka tambayi 'yan uwanmu na ƙetare abin da Faransa ta yi musu da takarda. Da ita aka kamo su aikin tilas. Mu kakanninmu sun riga sun rubuta muna kati ga kumatu."

"Kumatun Illo da na Madekali ta Dahome duk wanzami guda ya tsaga su," in ji Alhaji.

Nan sai mutane su kwashe da dariya, don gaskiya ce. Wasu malamai kuma suka ce hoto kansa bai halatta ba, wasu suka ce in hukuma ta tilasta babu laifi. In aka juyo gare ni aka ce, "Mai Hoto, kai mi ka ce?" sai in kafa ido a ramin leƙawa in ce haske na wucewa. Inuwar Mamman nake zaune, amma maganar Alhaji ita ce abincina. Alhaji ya ja ni gefe ya ce ya ji daga manya, kati da hoto babu fashi, in shirya. Na sayar da kekena da ɗan bijimin da nake kiwo, na ba wani direban Yawuri saƙo, ya kawo mini takardar hoto da magani har sai da ƙarƙashin gadona ya cika.

Aikin da ya fi kowane suna a rayuwata a cikin wannan gardama ya zo. Akwai wasu tagwaye, Hassan da Husaini, masu tuƙa jirgin fito. A Illo aka haife su. Hassan yana nan da gidansa da gonar shinkafarsa a fadama. Husaini kuwa ya auri 'yar Madekali, can ƙetaren iyaka, ya zauna garin matarsa, a can yake biyan haraji. Hassan mutumin Mamman ne a siyasa. Sai Alhaji ya ce shi zai tsaya a gaban masu rubuta suna ya hana a rubuta Hassan, tunda babu mai iya rantsuwa cewa ba Husaini ne ya ƙetaro ba. Maganar ta wuce wasa. In aka ce mutum baƙo ne yau a wurin zaɓe, gobe wani zai ce baƙo ba ya riƙe fadama. Hassan ya daina cin abinci sosai, matarsa ta zo rumfa tana kuka.

Ran kasuwa sai ga Mamman ya riƙo tagwayen, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya ɗinka musu riguna iri guda da huluna iri guda. Ya ɗaga murya yadda har 'yan kifi za su ji: "Alhaji ya ce hoto ka raba ɗan Najeriya da ɗan Dahome. Umaru, ɗauke su!"

Na zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, wuri guda, haske guda. Ban taɓa yin aiki da idanu masu yawa haka a kaina ba, har a kan rassan ɗorawa akwai mutane. Na shafa garura a hankali, zanensu ya fito tsaf. A bayan hoton Hassan na ɗiga jan ɗigo, na nuna wa limamin kasuwa shi kaɗai. Mamman ya jefa hotunan cikin hularsa ya girgiza, ya shimfiɗa su a tafin Alhaji.

"Bismilla, Alhaji. Wane na namu?"

Alhaji ya kai su kusa da ido, ya nisantar, ya juya wajen rana. Ya dubi tagwayen, su kuma suka tsaya ƙiƙam kamar turaku. Can ya nuna ɗaya. Liman ya juya bayan hoton, babu ɗigo. Kasuwa ta ɗauki sowa. Alhaji ya ce a ba Mamman ma ya gwada, tunda mutuminsa ne. Aka sake girgizawa. Mamman ya zaɓa da ƙarfin zuciya, liman ya juya, babu ɗigo. Wannan karon har masu tallan nono sai da suka ajiye ƙorai don dariya.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta ratso taron da matsamin kifi a hannunta. Ita ce mahaifiyar tagwayen, mai suyar kifi a bakin kasuwa, kowa Uwar Biyu yake ce mata. Ta goge hannu a zane, ta karɓi hotunan. Ko ɗaga su ba ta yi ba.

"Wanga Hassan na. Wanga ko Husaini, ga shi nan ya cije leɓe, dariya yaka ɓoyo. Haka yake tun yana goye."

Liman ya juya, ga jan ɗigo. Ta dubi Alhaji ta ce, "Bawa, ni na yi ma uwarka wankan jegonka, yau kai ka cewa ɗana baƙo na? Cibiyarsu duka biyu tana bayan ɗakina, taho in tona maka."

Alhaji ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Na janye. Ni da kaina zan kai Hassan a rubuta shi." Amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya juya ga Mamman ya ce ko tagwaye ne, kati guda ƙuri'a guda, wanda ya riƙe shi shi zai jefa, don haka har gobe kati ya fi babu. Mamman ya buɗe baki zai amsa, tsohuwa ta tare shi.

"Ku duka ku yi shiru. Kuna ta musun wa za ya jefa. Ni da na gane su da kallo guda, an ce mata ba su jefawa."

Mamman ya ce, "Ai Inna, mu jam'iyyarmu so take mata su jefa."

"To ran nan ka fara hiddo taka matar mu gani."

Mamman ya koma kan kekensa yana murmushi.

Masu rubuta suna suka zo, suka kafa tebur a ƙofar hakimi. Mai unguwa ya tsaya yana shaida mutanensa, Alhaji ya riƙo hannun Hassan kamar yadda ya yi alkawari. Aka miƙa wa kowa ɗan kati mai suna da lamba. Babu hoto, babu ma wurin manna shi. Na karɓi nawa na juya gaba da baya. Aka yi zaɓe, aka shafa wa kowa tawada a yatsa, aka watse.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Takardar hoto ba hatsi ba ce da za ka zuba a rumbu. Zafin bazara ya dafa ta a ƙarƙashin gado, damina ta zo da ruwa mai yawa, raɓa ta shiga gwangwanaye. Wani ango daga Kurgu ya zo da abokansa, na ɗauke su, suka fito kamar mutane a cikin hayaƙi. Na buɗe wani gwangwani, haka. Na buɗe na gaba, haka. Magani ma ya juya ya koma kamar ruwan tsamiya. Na mayar wa ango kuɗinsa, na naɗe ƙafafun akwati na jingine shi a ɗaki. Na shiga jirgin Hassan ina tuƙi, in babu fito in yi ƙodago a gonakin shinkafa. Hannun da ya saba lalubar takarda ya yi kanta. In na wuce rumfa Mamman ya leƙo ya ce, "Mai Hoto, ina keke?" In ce kati ya hau shi ya tafi.

Alhaji Bawa ne ya tashe ni. Ya dawo daga kai shanu Malanbil, can Dahome, ya aiko a kira ni, ya tura mini kwali da ƙafa. Takarda ce sabuwa ta Faransa da magani a kwalabe. Ya ce, "Ni na zuga ka, ni zan hid da kai. Je ka kakkaɓe akwatinka." Ɓeraye sun cinye hannun rigar akwatin, Mamman ya ɗinka wani da baƙin yadi ninki biyu, yana ɗinki yana faɗin ai dama ya gaya mana.

Kafin kaka ta shigo, Dahome ta karɓi mulkinta, mu ma muka karɓi namu. Ranar bikin, 'yan makaranta suka zagaye gari da 'yan tutoci, makaɗa suka kwana biyu ba su sauke ganga ba, kowa kuma so yake a ɗauke shi cikin sabuwar riga. Na yi aiki har rana ta yi ƙasa, haske ya ƙi. Sannan sababbin hukumomin biyu suka kafa shinge a hanya, kowace da 'yan sandanta, kowace tana tambayar takarda. Hoton da zaɓe bai nema ba, iyaka ta nema. Fatake, masu shanu, masu zuwa biki da ta'aziyya, duk suka yi layi a gaban bencina. Kafin rani ya ƙare na sayi wani keken.

Wata safiya sai ga Uwar Biyu cikin zanen saƙi da ɗan kunnen azurfa, tagwayenta na biye. Ta zauna a benci ta ce, "Ɗan nan, ɗauke ni. Guda biyu nika so." Ban taɓa ɗaukar mace ita kaɗai ba sai ranar. Ta zauna kyam, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da hotunan suka bushe ta miƙa wa Hassan ɗaya, Husaini ɗaya. Ta ce, "Guda na Najeriya, guda na Dahome. Duk wanda ya tare ku ya ce ku su wane ne, ku gwada mishi wanga." A makon nan matan kasuwa suka fara zuwa bibbiyu, suna rufe baki da gyale suna dariya.

Ba a daɗe ba aka kira ni ɗaukar hoton biki a Madekali, muka tafi tare da Husaini, akwati a kaina. A shingen Dahome wani jandarma ya tare mu, ɗan sandansu ke nan, Badende dogo mai gajeren wando. Ya miƙa wa Husaini hannu ya ce takarda. Husaini ya laluba aljihu, ashe ya bar tasa a gida. Sai ya zaro hoton tsohuwa ya miƙa, fuskarsa babu alamar wasa. Jandarma ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya.

"Wagga ai Uwar Biyu ta, mai kihin Illo! Kai wane na ciki?"

"Husaini."

"Wuce. Ka ce mata ran kasuwa ta aje min kan giwan ruwa."

Sannan ya juyo gare ni ya ce ina tawa takardar. Na miƙa masa katin zaɓe, ya ce wannan babu fuska, takardar wucewa sai da hoto. Na tsaya da akwati a ka. Na ɗauki fuskar hakimai da masunta da amare, amma ni ban taɓa zama a gaban idon akwatin nan ba, don babu mai cire mini murfi. Na gaya masa haka. Ya kira abokan aikinsa su zo su ji.

A nan bakin shinge na kafa ƙafafun akwati. Husaini ya zauna na daidaita ido a kansa, na sa takarda, sannan ya tashi ya riƙe baƙin zane, na zauna a mazauninsa. Na nuna wa jandarma murfin na ce in na ɗaga yatsa ya cire, in na sauke ya mayar. Ya jingine bindigarsa, ya kama murfin da yatsu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ce mini, "Kada ka motsa!" Ni da na yi shekaru ina faɗa wa mutane wannan kalma, ina jin ta daga bakinsa dariya ta kufce mini.

Hoton ya fito da baki biyu da hanci a karkace. Jandarma ya ɗaga shi kusa da fuskata, ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce ya yi kama sosai. Ya shafa masa ƙaro, ya manna a takarda, ya buga hatimi da ƙarfi har tebur ya girgiza. Ya taya ni aza akwati a ka, ya ɗaga sandar shinge, muka wuce biki.